Ranar da Jirgi Ya Bar Honorabul a Iskandariyya

Ku matso kusa, wannan ba a ɗaga murya a kansa, don mai labarin yana nan da ransa, kuma mijin yayata ne. Suna kam ba zan kama ba, duk Juma'a a gidansa nake cin tuwo. Mu bar shi a Honorabul, tunda ko a tsakar gida haka ya fi son a kira shi. Ni ban je tafiyar ba. Yayar tawa, Yaya Tabawa, ita ce ta je, ita ta zaunar da ni ta kwashe labarin kaf ta gaya mini, kuma duk wanda ya san Yaya Tabawa ya san shekara talatin ta yi tana shugabar makarantar firamare. Ba ta ƙari a magana, ba ta kuma ragi.

Honorabul ɗan majalisar jiha ne, wannan zangonsa na uku. Bara aka ba shi shugabancin kwamitin sufurin ruwa. Kada ku tambaye ni wane ruwa. Kun dai san jihar tamu, kogin da muke taƙama da shi wata tara yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa. To amma kwamiti kwamiti ne, kuma wanda bai je ƙaro ilimi ƙasar waje ba ai bai amsa sunansa ba. Sai aka shirya musu ziyarar gani da ido: kwana goma a cikin wani ƙaton jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido, mai hawa goma sha biyu, da ɗakunan kwana da kantuna da wurin wanka duk a cikinsa, yana zagaya tekun Bahar Rum, yau ya yini a wannan gari gobe ya wayi gari a wancan. Sauran 'yan kwamitin suka ce su ba sa wasa da ruwa, za su yi nasu nazarin daga gida. Honorabul kaɗai ya tafi, ya sa sunan Yaya Tabawa a takarda a matsayin sakatariya.

Kwana ukun farko, in ji Yaya, duk nazarin da ya yi a banɗaki ya yi shi, don da jirgin ya ɗan yi tangaɗi sai cikinsa ya juya. A rana ta huɗu ya warware, ya fara zagaye yana raba katinsa ga duk wanda ya tsaya. A rana ta biyar da hantsi suka iso Iskandariyya ta ƙasar Masar.

Kafin a sauka aka yi shela a lasifika har sau uku, da harsuna iri-iri: jirgi zai tashi ƙarfe biyar na yamma, kowa ya dawo kafin huɗu da rabi, wanda ya makara ya kuka da kansa. An tanadi motocin bas a bakin tasha masu zagayawa da baƙi cikin gari. Honorabul ya fito cikin malum-malum ta farar shadda, ta sha aiki har gwiwa, ga hula ta zauna, ga sanda mai kan azurfa. Ya dubi layin bas ɗin, ya ga Turawa tsofaffi da gajerun wanduna suna bin juna kamar 'yan makaranta, sai ya yamutsa fuska.

"Ni rabona da shiga bas tun kafin a haifi 'yarmu Ummi," ya ce. "Ba zan zo ƙasar mutane in zubar da girman jiha ba."

Suna fita ƙofar tashar sai ga kekunan doki jere reras, masu zagayawa da baƙi. Kujeru ja, rumfa baƙa, fitilun tagulla hagu da dama suna ƙyalli. Idon Honorabul ya yi haske.

"Yauwa! Ga abin da ya dace da mutum irina."

Yaya Tabawa ta kalli keken sama da ƙasa. "Alhaji, wannan ai amalanke ce aka yi wa rumfa."

"Ke ba ki san abin girma ba. A Turai sarakuna ke hawan irinta."

"A gida kuma itace ake ɗora mata."

Bai kula ta ba. Matuƙan suka yo caa a kansu, kowa na jan hannun riga, amma Honorabul ya wuce su ya nufi wani keke a ƙarshen layi wanda ya fi saura sheƙi. Mai shi wani dattijo ne baƙi, siriri, da farar jallabiya da ɗan rawani, yana zaune abinsa bai yi kiran kowa ba. Dokinsa fari ne mai ɗigo-ɗigo, shi ma ya kwana biyu a duniya. Honorabul ya yi masa Turanci da ƙarfi, irin wanda ake yi wa kurma, dattijon ya amsa da kalma biyu uku, ya nuna da yatsu cewa zagayen awa biyu ne. Suka hau, doki ya ɗaga ƙafa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, suka hau titin da ya bi gaɓar teku.

Ba a yi nisa ba Honorabul ya fara tsaki. Motoci na wuce su, babu mai kaucewa, babu mai ɗaga hannu.

"Dubi ƙasa," ya ce da Yaya da Hausa. "Babu jiniya, babu 'yan rakiya, babu wanda ya san wa ke wucewa. Shi kuma wannan tsohon, ga shi dai kamar mutanenmu, amma da ganinsa kan ba ya ja. Dubi dokin ma, haƙarƙari duk a waje kamar ɗan fansho."

"Kai ka fi kowa sanin abin da ke ramar da ɗan fansho," in ji Yaya.

Ya ci gaba abinsa. Ya zagi tafiyar dokin, ya zagi rawanin dattijon, ya ce wuyansa kamar na zalɓe. Dattijo dai na gaba, ya ba su baya, ko motsi bai yi ba. Can keken ya faɗa wani ɗan rami, Yaya Tabawa ta dafe ƙugu ta ce, "Wash, bayana!"

Sai suka ji daga gaba an ce, da Hausa tsantsa, "Sannu, Hajiya. Akwai matashi nan ƙarƙashin kujera, ki jawo ki jingina."

Yaya ta ce ta ga sandar Honorabul ta suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Kai... dattijo... kana jin Hausa?"

"Kaɗan-kaɗan, ranka ya daɗe. Daidai ta jin zagi."

Yaya ta yi dariya har da hawaye. Ita ta shiga gaisawa da shi kamar ta ga ɗan uwa, ta tambaye shi suna da asali. Ya ce sunansa Hamidu. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katagum a ƙafa da jakinsa zai je Makka, ya shekara bakwai a hanya, da ya sauke farali ya juyo sai ƙarfi ya ƙare masa a Sudan, ya yi gona a bakin kogi ya zauna. A can aka haifi ubansa, a can aka haife shi, a gidansu kuwa ba a magana sai da Hausa. Yana saurayi ya biyo fataken dawaki ya shigo Masar, yau shekara arba'in ke nan yana wannan sana'a.

"Ban taɓa taka gida ba," in ji Baba Hamidu. "Amma duk wanda na ji yana Hausa sai in ji kamar kakana ne ya leƙo. Yaya gidan yake yanzu?"

Ai kuwa ya taɓo wa Honorabul inda yake masa ƙaiƙayi. Nan take kunyar ta wuce, ya gyara zama, ya gyara murya. Ya ce gida ya zama tamkar Turai. Ya lissafo tituna, ya lissafo gadoji, ya lissafo asibitoci, har da waɗanda ke kan takarda tukuna. Ya ce shi da kansa ya kawo wa mazaɓarsa ci gaban da ba a taɓa gani ba tun zuwan Bature, shi ya sa jama'a suka hana shi sauka har sau uku.

"Madalla," in ji Baba Hamidu. "Kakana yakan ce daga ƙauyensu zuwa babbar kasuwa yini guda ne a kan jaki. Yanzu fa?"

"Yanzu? Minti arba'in a mota!"

"Da rani ke nan," in ji Yaya. "Da damina yini gudan ne, kuma jakin ne."

Daga nan aikin kwamiti ya kankama. Duk inda Honorabul ya ga abin da zai yi kyau a hoto sai ya buga sanda a tsaya. Suka ci karo da wani ɗan jirgin ƙasa mai bi ta tsakiyar gari, ya sauka ya tsaya kusa da shi yana nuna taya da yatsa, fuska a murtuke, kamar shi ya zo duba aikin. Yaya na ɗauka da waya. Suka isa wajen wata tsohuwar ganuwa a bakin ruwa inda masunta ke ajiye kwalekwale, ya shiga wani da aka jawo kan yashi, ya riƙe filafili, ya yi jawabin minti goma ga al'ummar mazaɓarsa cewa ga shi a tsakiyar teku yana shan wahala dominsu. Ya ce Yaya ta ɗauka daga ƙugu zuwa sama kada yashin ya fito. Sau huɗu aka maimaita, don a na farko wata kyanwa ta ratsa, a na biyu mai kwalekwalen ya zo yana masifa.

Da suka dawo keke sai ya lura da wani buhu da aka ɗaura a bayan dokin, ƙarƙashin wutsiya.

"Wannan fa na mene ne?"

"Dokar gari ce, ranka ya daɗe. Ba a bar wa mutane ƙazanta a titi. Kowa ya yi abinsa, shi zai ɗauki abinsa."

"Alhaji, in rubuta wannan a rahoto?" in ji Yaya.

"Ba ya cikin hurumin kwamiti."

Zagayen awa biyu ya koma huɗu. Rana ta take. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi Honorabul ya ce a kai shi inda ake cin kifi mai kyau, Baba Hamidu ya kai su wani gidan abinci mai kallon teku. Da za su shiga dattijon ya sauko ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Ciyawar da na ɗauko ta awa biyu ce, ta ƙare tun ɗazu. Matsayarmu tana can kan hanyar tasha, akwai ruwa da ciyawa. Kafin ku gama cin abinci na je na dawo. Tun asuba dokin nan bai sha ruwan kirki ba."

"A'a," in ji Honorabul. "Abin hawan babban mutum ba ya barin ƙofa. Wanda ya zo wucewa ya san akwai wani a ciki. Ya yi haƙuri, kowa haƙuri yake yi."

Baba Hamidu ya dube shi, ya dubi dokin. Ya ja keken ɗan gefe inda inuwar bango ta faɗo, ya tsaya.

Yaya ta ce abincin nan bai wuce mata ba. Ta ci loma biyu ta tashi, ta sa aka zuba kifi da shinkafa a faranti ta kai wa dattijon, ta kwashe burodin teburin da gorar ruwa biyu ta kai wa dokin. Gora biyu a cikin doki kuwa ai kamar ɗigon ruwa ne a yashi. Shi kuwa Honorabul ya ci kifi gasasshe, ya ci soyayye, ya ci wani mai ƙafafu da bai san sunansa ba, ya kawo kayan zaƙi ya ɗora duk da likita ya hana shi, sannan ya jingina da kujera iskar teku na kaɗa shi. Barci ya yi gaba da shi. Yaya ta je masallacin da ke kusa ta yi sallah ta dawo, yana nan yana minshari.

Ƙarfe uku da rabi Baba Hamidu ya leƙo.

"Hajiya, a tashe shi. Da yamma hanyar nan cushewa take yi."

Aka tashe shi da ƙyar. Ya yi miƙa, ya nemi shayi.

"Ranka ya daɗe," in ji dattijon, "jiragen nan ba sa jira. Shekara arba'in ina ganin mutane na gudu a bakin tashar nan, har da masu sanda."

Honorabul ya yi murmushi irin na wanda yaro ya gaya wa wauta. "Dattijo, ba ka san ni ba ne. A gida in an sa taro ƙarfe goma, na iso ƙarfe biyu, to a lokacin goma take yi. Ballantana na ba kyaftin ɗin katina hannu da hannu. Ya san da wa yake tafe."

Ya sha shayinsa a tsanake. Ya yi sallah. Ya ce saura hoto ɗaya, wanda zai hau mazaunin matuƙi ya riƙe linzami, a rubuta a ƙasa cewa jagora na gari ke nan. Aka yi. Sai huɗu da kwata suka kama hanya.

Abin da dattijo ya faɗa kuwa shi ya faru. Titin gaɓar teku ya cushe maƙil, motoci sun yi cirko-cirko, sai ƙarar oda. Dokin yana ratsawa a hankali, kai a sunkuye, kumfa a baki. Suna cikin haka suka ji wani ruri daga can nesa, buuuu, har cikin ƙirji.

"Kun ji ko?" in ji Honorabul. "Sanar da ni suke sun shirya."

Yaya Tabawa ta juyo ta dube shi. Ta ce mini a nan wasa ya fita daga ranta.

"Alhaji, fasfo ɗinmu na cikin jirgin nan. Allurarka ta suga tana cikin firjin ɗakinmu, ga abin da ka ɗura wa cikinka yau. Kuma wanda ka ba katin nan ba kyaftin ba ne. Shi ke kawo mana shayi da safe."

"Mai fararen kayan? Mai igiya a kafaɗa?"

"Shi."

"Me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"Kai ka ce sakatariya rubutu take yi, ba magana ba."

Jirgi ya sake ruri. Gumi ya keto wa Honorabul ta ƙarƙashin hula. Ya miƙe tsaye a cikin keken yana dukan rumfa da sanda.

"Dattijo, kora shi! Kora shi mana!"

To a daidai nan suka iso wata kwana, inda matsayar masu keken doki take: 'yar rumfa, da kwamin ruwa na siminti, da tarin ɗanyar ciyawa kore shar. Dokin nan ko jan linzami bai jira ba. Ya karya kwana da kansa, ya ja su har bakin kwamin, ya tsoma baki. Ya sha, ya sha, ya sha, har ana jin wucewar ruwan a maƙogwaronsa. Ya ɗago, ya juya kan ciyawa, ya kafe ƙafafu huɗu kamar an dasa shi.

"Bulala!" in ji Honorabul. "Ina bulalarka? Zabga masa!"

"Ba na dukansa," in ji Baba Hamidu. "Shekara goma sha ɗaya muna tare. Wanda ya yini da yunwa yana jan ka, ba da bulala ake sallamarsa ba. Minti goma zai yi."

"Minti goma! Ka san ko ni wane ne?"

"Ni na sani, ranka ya daɗe. Shi ne bai sani ba."

Honorabul ya fizge linzamin ya ja da iya ƙarfinsa. Doki ya kaɗa kai sau ɗaya, linzamin ya suɓuce, saura kaɗan Honorabul ya zauna a cinyar Yaya. Ya yi tsawa da Hausa, ya yi da Turanci, ya haɗa da ɗan Larabcin da ya tsinta a Umara. Ya leƙa titi ko zai sami tasi, ya ga motocin ko motsi ba sa yi. Sai ya diro ƙasa, ya tattare malum-malum, ya zagaya ya tsaya saitin kunnen dokin. Yaya ta ce da ta ga ya gyara tsayuwa ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ta san abin da ke tafe, don sau uku tana ganin irinsa a kan mumbari.

"Haba ɗan uwa," ya ce da dokin, murya ta yi laushi. "Haba na kowa. Ni da kai ai ba ta ɓaci. Ka kai ni tashar nan yanzu, ni kuma na yi maka alkawari, wallahi buhu goma na dawa, a gabanka za a sauke. Dattijo, fassara masa! Zan sa a yi maka sababbin takalma ƙafa huɗu. Wannan rumfar taku zan rushe ta in gina ta zamani, da kwano, da fanka. Zan haƙa muku rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ba kai kaɗai ba, har 'ya'yanka da jikokinka. Ka ba ni dama sau ɗayan nan kawai, ka ga aiki da cikawa!"

Sauran matuƙan da ke hutawa a rumfar suka taso suka kewaye su. Ba sa jin abin da yake cewa, amma sun ga mutum da babbar riga yana yi wa doki jawabi, sai suka shiga tafi duk inda ya ja numfashi. Wasu suka fito da waya. Da ya ji tafi kuwa sai abin ya motsa masa, ya ƙara da asibitin dabbobi mai gado hamsin. Doki dai na tauna, ɗanyar ciyawa na zubowa ta gefen bakinsa, yana kore ƙuda da wutsiya.

Jirgi ya yi ruri na uku, dogo.

Honorabul ya dubi doki, ya dubi hanya, ya ce, "Hajiya, taso mu ruga!"

"Da wannan bayan nawa? Ruga kai kaɗai, ka riƙe mana jirgin."

Ya naɗe malum-malum a kafaɗa kamar mai shirin dambe, ya cusa sanda a hammata, ya zuba a guje tsakanin motoci. Mutumin da ko daga falo zuwa mota sai an matso masa da ita bakin ƙofa. Yaya ta ce tana hango farar riga na ɓullowa tana nutsewa a tsakanin motoci har ta daina ganinta, ita kuma ta zauna tana ta salati, don ta san ciwonsa, ta san abin da gudu zai iya jawo masa.

Minti goman na cika dokin ya ɗago kai, ya yi atishawa, ya girgiza jiki. Baba Hamidu ya hau, ya ɗan yi masa ƙwaƙ da harshe, shi ke nan. Dokin da ya yini yana jan ƙafa sai ga shi yana sassarfa kamar ɗan shekara uku. Dattijon ya bar babban titi ya bi ta lunguna, ta bayan kasuwa, ta gaban masu gyaran taya, suka ɓullo can gaba. Sai ga Honorabul zaune a gefen titi, hula a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, yana haki kamar rago ranar kasuwa. Ko rabin hanya bai yi ba. Baba Hamidu ya tsaya, ya sauko ya kama shi ya hau da shi. Suka nufi tasha.

Biyar da minti bakwai suka shiga. An janye tsani, an kwance igiyoyi, jirgin ya ja baya da gaɓa kamar tazarar jifa. Honorabul ya sauka da ɗingishi ya isa bakin ruwa, yana ɗaga hula yana kiran kyaftin. Turawan da ke jere a saman jirgin suka ga mutum na ɗaga musu hula, su ma suka shiga ɗaga masa hannu da fara'a. Yana ƙara ihu suna ƙara ɗagawa. Wata tsohuwa har da cilla masa sumba.

Allah dai ya rufa asiri. Wani ma'aikaci mai kula da harkar jirgin a tashar ya zo da ambulan a hannu, ya karanto sunayensu. Ashe da aka ga ba su dawo ba an shiga ɗakinsu an ɗauko fasfo ɗin, da allurar a cikin 'yar jakar ƙanƙara, an bari a wurinsa. Ya ce za a nemo motar da za ta kai su gari na gaba inda jirgin zai tsaya da safe, tafiyar awa huɗu. Yaya ta karɓi jakar ƙanƙarar nan ta buɗe. Ta yi masa allurar a nan bakin ruwa, yana zaune a kan ƙarfen da ake ɗaure igiyar jirgi, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Baba Hamidu bai tafi ba. Ya ce ba a barin baƙo a hanya, sai ya ga tashinsu. Ya samo wa Honorabul silifa a wurin wani mai gadi. Suka zauna da Yaya suna hira, yana tambayarta ko har yanzu ana yin fura da nono a ƙwarya, ko ana kaɗa kalangu ranar kasuwa, abubuwan da ya ji a bakin kakansa. Ta ce in Allah ya yarda ya zo ya gani da idonsa. Ya yi murmushi ya ce shekaru sun ja, ta dai gaishe masa da gida, kowa da kowa.

Kafin motar ta iso Honorabul ya dawo hayyacinsa. Numfashi ya daidaita, hula ta koma kai, girma ya dawo mazauninsa. Ya taso da silifar mai gadi, fat, fat, ya zo ya tsaya gaban dokin yana harararsa, sannan ya juya ga dattijon.

"Dattijo, gaskiya dokin nan naka ba shi da tarbiyya."

"Ayya, ranka ya daɗe."

"Da kunnenka ka ji abin da na ɗaukar masa. Buhu goma. Rumfa da fanka. Rijiyar burtsatse. Har asibiti! Ni tunda nake ban taɓa yin rabin wannan alkawarin aka ƙi bi na a guje ba. Amma shi ko kunne bai kaɗa ba!"

Baba Hamidu ya shafa wuyan dokin, ya gyara masa linzami, ya ce:

"A yi masa uzuri, ranka ya daɗe. Ai doki ne, ba mai zaɓe ba."